Yadi Sittin na Jikan Orval

Ranar Litinin da safe jita-jitar ta fito daga gidan shan kofi tana yadi sittin. Kafin ta kai shagon gyaran gashin Twila ranar Laraba ta zama sittin da biyar. Ranar Lahadi kuwa, a bakin ƙofar coci, wata dattijuwa da ta haura tamanin ta damƙe hannuna ta rantse mini cewa Brody Zelenka ya buga ƙwallo yadi saba'in, ta ratsa tsakanin sanduna, ta tsallake shingen maƙabarta, ta faɗa kan kabarin mijinta. Na tambaye ta ko ta gani da idonta. Ta ce a'a, amma ta tarar da furannin a kwance.

Ku da kuka daɗe kuna biye da ni a wannan shafi kun san halina. Sababbin zuwa kuma, sannunku, ni ce Arlene Pospisil. Shekarata saba'in da ɗaya, talatin da takwas daga ciki na yi su ina koyar da lissafi a makarantar garinmu Zabor, can yammacin Nebraska inda masara ta fi mutane yawa. Na ajiye alli, amma ba wanda ya karɓi littafin wasannin makaranta daga hannuna. Duk Juma'a ni ce a ɗan ɗakin katakon nan da ke saman bencin 'yan kallo, ina rubuta wa ya yi gudun yadi nawa, wa ya buga ƙwallo daga ina. Mijina Gene ya rasu shekara tara ke nan. Kuma, kamar yadda na faɗa muku ina rufe fuska, na yi bazawari.

Sunansa Orval Zelenka. Shekara saba'in da huɗu, manomi ne da ya bar wa ɗansa gona, kunnuwansa manya, takalminsa kullum da ɗigon farin fenti, domin tun 1991 shi ke zana layukan filin ƙwallonmu kyauta, ƙwallon Amurka mai siffar ƙwai. Brody ɗin nan da ake ta labari jikansa ne.

Ga irin saƙon da yake turo mini kowace safiya, da manyan baƙaƙe, don wai ƙananan guje masa suke yi:

"INA KWANA ARLENE. AN YI RAƁA. NA TUNA KI."

A ƙarshe sai ya liƙa ɗan hoton tumatir. Wata guda ina mamakin tumatirin nan kafin na gano ba ya sa tabarau, zuciya yake zato. Ban gyara masa ba. Ni da na yi shekara talatin da takwas ina gyara wa mutane kuskure da jan biro. Ku auna da kanku inda abin ya kai ni.

To ga yadda rigimar ta samo asali. A watan Agusta, wurin atisaye, wata yarinya ta ɗauki Brody a waya. Ya kafa ƙwallo a tsakiyar fili, daidai kan hoton zomon makarantarmu, ya ja baya taku uku, ya maka mata ƙafa, ta tashi ta shige tsakanin sandunan can. Bidiyon ya yi yawo har ya faɗa hannun kocin wata kwaleji a Ohio. Mutumin nan bai taɓa taka garinmu ba. A wurinsu fili yadi ɗari ne, tsakiya hamsin, a ƙara goman da ke bayan layi kafin sanduna, sittin ke nan. Mu kuwa ɗalibai arba'in da ɗaya ne a makarantar gaba ɗaya, shida-shida muke bugawa, filinmu yadi tamanin. Tsakiya arba'in, a ƙara goma, hamsin. Babu lambobi a filin da za su tona asiri, domin allon da Orval ke zana lamba da shi ya karye tun zamanin da gashina yake baƙi.

Kocin ya rubuto yana cewa yaro mai yadi sittin zai iya samun gurbin karatu kyauta. Ya haɗo da takarda, an riga an buga 60 a cikinta, saura sa hannun mai riƙe da littafin wasannin makaranta.

Ni ke nan.

Kowa a Zabor ya san filinmu tamanin ne. Rabinsu ni na koya musu raba tamanin gida biyu. Amma da baƙo daga birni ya ce sittin, sai gari ya yi shiru na kwana ɗaya, washegari kowa ya tashi da hujja. Wani ya ce ƙwallon ta wuce sandar da rarar yadi goma, don haka sittin ce a zuciyarta. Mai sayar da taki ya ce tun yaron yana ciki uwarsa ke kwana a zaune saboda shuri. Twila ta ce ƙarfin ƙafa daga girman takalmi ake gane shi, kuma Brody lamba sha uku yake sawa. Na ce mata mijinta ma sha uku yake sawa, kuma ko ƙofar firji da hannu biyu yake rufewa.

Twila ta ajiye almakashi ta dube ni ta madubi.

"Malama, ke dai kin cika gardama. Da ni ce ke, da na yi shiru na sa hannu. Ai kin san abin da ake faɗa."

"Me ake faɗa?"

"A'a, ba komai. Wai dai... yaushe Orval ya fara kawo miki masara?"

Na zauna ƙarƙashin na'urar busar da gashi na buɗe waya. Bidiyon ya fito tara ga Agusta. Saƙon farko na Orval, "INA DA MASARA MAI ZAƘI ZAN KAWO MIKI," sha biyu ga Agusta. Kwana uku.

Jama'a, na sha ganin lambobi marasa daɗi a rayuwata. Ban taɓa ganin uku mai ɗaci irin wannan ba. Shekara tara yana wuce ƙofar gidana da motarsa yana ɗaga mini yatsa ɗaya daga kan sitiyari, sai bana ya tuna ina cin masara?

Ranar Alhamis 'yata Rhonda ta iso daga Lincoln da kwanon taliya da cuku a kujerar baya, da kuma fuskar nan tata ta mai shirin gyara wa uwarta rayuwa. Ta tarar da takardar a kan teburin kicin, na danne ta da kwalbar zuma.

"Mama, har yanzu ba ki sa hannu ba?"

"Ƙarya ce a ciki."

"Yadi goma ne fa kawai!"

"Yadi goma ya isa a ɗinka wa ke da Twila riga har da ta fita unguwa."

"Mama, don Allah ki saurare ni." Ta ja kujera ta zauna, ta kama hannuna kamar mai gaishe da marar lafiya. "Mutumin nan yana son ki. Yana da lafiya, yana da haƙoransa, yana tuƙi. Kin san irinsa nawa suka rage a gundumar nan? Biyu. Ɗayan kuma limamin coci ne, ba ya aure."

"Sai me?"

"Sai ki hana jikansa karatu, ki ga ko zai ƙara kawo miki masara. Kuma ni na faɗa miki, ba za ki ƙara yin hunturu ke kaɗai a gidan nan ba. Bara sai da maƙwabta suka haƙo ki daga ƙanƙara. Ko ki auri Orval, ko ki dawo wurina. Na riga na sa an yi wa ɗakin ƙasa fenti."

Ɗakin ƙasan Rhonda. Taga ɗaya a can sama, wadda ba ka ganin komai sai ƙafafun masu wucewa, ga injin wanki a gefen gado, ga keken motsa jikin mijinta da aka rataye wa riguna.

"Wane launi?" na tambaya.

"Ruwan toka mai haske."

"Madalla. Ya dace da kabari."

"Mama!"

Da ta tafi na ɗauko igiyar awon Gene daga gareji, irin mai faifai da mariƙin naɗewa, mai ƙafa ɗari uku. Na rubuta wa Orval: "Gobe da safe zan je fili in auna bugun da kaina. Ka zo ka riƙe mini ƙarshen igiya."

Ko minti ɗaya ba a yi ba.

"GOBE ZAN BA CIYAWA RUWA. FILIN ZAI JIƘE."

"To jibi."

"JIBI ZAN YANKE CIYAWAR."

"Bayan ka yanke."

'Yan ɗigon nan uku masu nuna ana rubuta saƙo suka fito, suka ɓace, suka sake fitowa.

"AN GA MACIJI."

"Orval, watan Nuwamba muke ciki."

"MACIJIN TSOHO NE BAI SAN WATA BA."

Babu tumatir.

Na ajiye wayar na zauna ina kallon kwalbar zuma. Zan faɗa muku gaskiya tunda don haka nake rubutun nan: na ɗauki biro. Na cire murfinsa. Na ce wa kaina, Arlene, wa zai sani? Kocin Ohio ba zai zo da igiya ba. Ki sa hannu, ki samu mai kawo miki masara, ki huta da ɗakin toka. Sai na tuna wani yaro da na kayar a jarrabawa a 1987 saboda maki ɗaya da rabi, yana kuka ina ce masa lamba ba ta da ɗan'uwa. Yanzu shi ne mai sayar da takin nan. Na mayar da murfin.

Na kira Brody kai tsaye.

"Asabar ƙarfe tara, ka ɗauko ƙwallaye biyar da takalminka. Za mu babban filin gunduma, mai yadi ɗari. Ka gaya wa kakanka in yana so ya zo, can babu maciji."

Asabar na sa shuɗiyar rigata mai fararen furanni, na ɗora jibgegiyar rigar sanyi ta ulu, na sa 'yan kunnen lu'ulu'un ƙarya da Rhonda ta saya mini, da takalmin roba na shiga lambu. Na shafa jan baki. Ba don kowa ba, iska ce ke fasa mini leɓe. Na naɗe kolaci shida, 'yan burodin nan namu masu zaƙi da 'ya'yan itace a ciki, a takarda, na zuba kofi a fulas, na rataya agogon auna gudu a wuya.

Orval ya zo da akori-kurarsa, ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci, yana ta ƙamshin sabulu. Brody na baya ya naɗe dogayen ƙafafunsa kamar kujerar ninkewa. Mil arba'in muka yi rediyo na ta faɗin farashin waken soya.

Ku bar batun cinyoyi da kuke ji. Brody siriri ne, shekara sha bakwai, ƙafafunsa kamar sillen kara, in ya tsaya a gefe sai ka neme shi. Yana ɗaure takalmi na tsaya a kansa.

"Ina ɗan robar da kake ɗora ƙwallo?"

"Ga shi, Malama."

"Mayar aljihu. A kwaleji daga ƙasa ake bugawa, wani ya riƙe maka da yatsa."

Ya ɗago kai ya waiga ya ga kakansa ya yi nisa yana duba layukan filin mutane, sai ya rage murya.

"Malama, ni fa tun ranar farko hamsin nake ce musu. Ba mai ji. Na faɗa wa Baba, ya ce in daina raina kaina. Na faɗa a coci, aka ce kai, yaron nan ga ƙafa ga tawali'u."

"Kana son zuwa Ohio ɗin?"

"Ina so. Amma kullum sai na yi mafarki na isa, an tara mutane, an ajiye ƙwallo a yadi sittin, an ce bisimilla. Sati uku ke nan ba na iya cin abincin safe."

Na miƙa masa kolaci biyu. Ya cinye su kafin in rufe takardar.

Ga yadda na tsara, don masu son koyo. Ƙarfin ƙafa ba a gane shi daga bugu ɗaya, ko jaki in ya yi shuri ɗari ɗaya zai yi kyau. Biyar-biyar za a buga a kowane nisa, uku ana fuskantar iska, biyu tana bayanka. Ina duba abu uku: ta shiga ko ba ta shiga ba, daƙiƙa nawa ta yi a sama, da kuma ƙarar da ta yi. Ƙwallon da aka buga da kyau ba ta cewa "fas", cewa take "dum", kamar an rufe ƙofar rumbu. Shekara talatin ina jin wannan ƙarar daga ɗakin katako, kunnena ya fi idona.

Saura mai riƙe ƙwallo.

"Orval, durƙusa."

"Ni? Arlene, gwiwar nan ƙarfe ce fa a ciki."

"To ai ta fi tawa ƙarfi ke nan. Durƙusa."

Ya sauka a hankali kamar ana sauke firji daga mota, gwiwa ɗaya a ƙasa, ya kafa ƙwallon ya ɗora yatsa a kanta, ya runtse ido.

"Kaka, buɗe idonka mana."

"Kai dai buga, ɗan nema. In ka cire mini yatsa da shi nake rubuta saƙo."

Yadi arba'in: biyar cikin biyar. Arba'in da biyar: biyar cikin biyar, dum, dum, dum. Kowane ƙarin nisa sai mun ɗaga Orval mu biyu, mu ja shi baya, mu sake dasa shi. A hamsin huɗu suka shiga, ɗaya ta kauce hagu. A hamsin da uku, uku suka shiga, ɗaya har da iska a fuska, ta yi daƙiƙa kusan huɗu a sama tana juyi kamar ba ta da niyyar saukowa. A hamsin da biyar ɗaya ta daki sandar kwance ta dawo mana, sauran suka faɗi a gaba.

"Sittin," na ce.

"Malama..."

"A gwada, don in na je shagon Twila in ce na gani da idona."

Ya ja baya, ya taho da duk abin da Allah ya ba shi, har da kolacin. Ƙwallon ta tashi da kyau, ta yi tafiya, ta gaji, ta sauko yadi shida kafin sanduna, ta yi tsalle gefe ta bi wata mata mai yawo da ɗan karenta. Karen ya tsere, matar ta bi shi, ta waigo ta faɗa mana wata kalma da ba zan rubuta a shafin nan ba.

Brody ya kwanta a ciyawa ya baje hannuwa yana dariya har da hawaye.

"Ba ta kai ba! Malama kin gani ko? Ba ta kai ba!"

Ban taɓa ganin wanda ya yi murnar kasawa irin haka ba.

Na fito da takardar, na ɗora a kan littafina, na ja layi a kan 60. Na rubuta: 53, daga ƙasa, fili mai yadi ɗari, uku cikin biyar. Na sa hannu. Orval na nan durƙushe inda muka dasa shi, domin ba wanda ya ɗaga shi. Na je na miƙa masa, na tsaya ina kallon saman kansa, ina ce wa raina, to Arlene, sai ki fara son ruwan toka.

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta. Ya sake karantawa.

"Hamsin da uku?"

"Abin da ya buga ke nan. Ba zan ƙara ko inci ba, in ka ga dama ka riƙe masararka."

"Hamsin da uku, a filin gaske?" Sai fuskarsa ta washe, kunnuwan nan suka yi ja. "Kai! Brody! Ashe da gaske kana da ƙafa, ɗan banza!"

Na sunkuya na leƙa fuskarsa.

"Ba ka ji haushi ba?"

"Haushin me? Ni da ban taɓa cewa sittin ba. Ki tambayi kowa."

Na yi tunani. Gaskiya ne. Duk garin nan shi kaɗai ne bai taɓa faɗin lamba ba.

"To masarar fa? Kwana uku bayan bidiyo, Orval. Na duba."

"Wane bidiyo? Arlene, sha biyu ga Agusta masarar ta nuna. Shekara huɗu ina shuka miki layi biyu a bayan gida, in ta nuna in kasa kawowa, sai in zuba wa aladu. Bana ɗana ya sayar da aladun."

Jama'a, an yi mini kalaman soyayya a zamanina. Gene har waƙa ya taɓa rubuta mini, mai kuskuren rubutu bakwai. Amma ba a taɓa gaya mini cewa na gaji aladu ba, kuma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan ba.

Ya yi gyaran murya, ya sa hannu a aljihun rigar cocin.

"Tunda dai ina ƙasa, kuma ban san ranar da zan sake iya saukowa ba..."

Ɗan akwati ne ja. Brody ya rufe fuska da rigarsa yana cewa, "Wayyo Kaka, a gabana?"

"Arlene Pospisil, ki aure ni. Ina da injin kwashe ƙanƙara."

Na buɗe baki zan amsa. Da ya yi shiru a nan, da labarin ya ƙare. Amma namiji bai san inda ake tsayawa ba. Sai ya ƙara, da wata 'yar murya, yana kallon gefe:

"Kuma tunda an gama awo a nan, ai ba sai an auna namu filin ba, ko?"

Na rufe bakina.

Shekara talatin da takwas ina kallon fuskokin yaran da suka ɓoye takarda a cikin safa. Na san fuskar. In ba don jikansa yake kore ni daga filin ba, to don me? Me ya sa hamsin da uku ta ba shi mamaki haka, alhali yaron ya riga ya buga hamsin a gida? Kuma mene ne "filin gaske"?

"Brody, ɗaga kakanka. Riƙe akwatinka, Orval, zan ba ka amsa a Zabor. A kan zomo."

A hanya na ɗauki hoton takardar na tura wa kocin. Kafin mu kai rumbun hatsin gari ya amso: hamsin da uku daga ƙasa ta ishe shi, a kawo yaron a watan Maris ya gan shi. A ƙasa ya ƙara tambaya, wai don Allah mene ne wasan shida-shida. Brody ya karanta sau uku, ya cinye sauran kolacin, ya ce a sauke shi a gida yunwa yake ji.

Mu biyu muka isa filin, rana ta ɗan karkata. Ciyawa a bushe ƙayau, babu alamar ruwa, babu maciji. Layukan Orval farare tas, a miƙe kamar an ja da rula. Na ba shi ƙarshen igiyar na ce ya taka a layin farko. Na fara tafiya ina warwarewa.

A layi na biyu na tsaya. Tsakanin layi da layi yadi goma ne, ya kamata in ga ƙafa talatin. Na ga ashirin da takwas da rabi. Na goge tabarau, na ci gaba. Layi na uku, hamsin da bakwai. Ban ƙara tsayawa ba sai da na kai ƙarshe, na durƙusa, na karanta, na rubuta a littafina. Na naɗo igiyar ina dawowa, ga Orval tsaye da hularsa a hannu kamar mai jiran hukunci.

"Faɗi," na ce.

"Igiyar rama ce muka yi awon farko da ita. Ta kwana a ruwan sama, ta ƙanƙance, ba mu lura ba. Sai da shekara ta zagayo na gane. Lokacin kuwa ɗan gidan Kovar ya riga ya kafa tarihin gudu a gundumar, an rubuta sunansa a tankin ruwan gari, uwarsa ta yi kuka a rediyo. Ya zan yi?"

"Alƙalan wasa fa? Sarƙar awonsu?"

"A garejina take kwana." Ya murza hular. "Na cire mata 'yan ƙwayoyi."

"Shekara talatin da wani abu ina rubuta lambobi a littafin nan, Orval. Littafi goma sha ɗaya. Da biro."

"Na sani. Duk Juma'a in na hango ki a ɗakin katako kina rubutu, sai kunya ta kama ni. Shi ya sa na kasa kawo masarar."

"Ka ce 'muka yi awon'. Kai da wa?"

Ya kalli zomo. Ya kalli sama. Ya kalli takalminsa mai ɗigon fenti.

"Ya sa na rantse ba zan taɓa gaya miki ba. Ya ce in kin ji, sai kin sa an sake buga wasannin duka."

"Wa?"

Ya faɗa mini.

Na miƙa masa hannun hagu na ce ya kawo abin nan kafin in canza ra'ayi. Ya buɗe akwatin da sauri har ya kusa faɗuwa, ya kama yatsana, ya tura, ya murza, ya sake turawa.

Filin garinmu yadi saba'in da shida ne. Bugun da ake ta labari yadi arba'in da takwas ne. Wanda ya riƙe wa Orval ɗaya ƙarshen igiyar a 1991 mijina ne, Gene. Zoben kuma bai shiga ba, a ƙaramin yatsa nake sa shi.